Taubashiyar Depite

Ni na kawo shawarar, don haka in za a yi wa wani dariya ni ya kamata a yi wa. Sunana Yunusu, tela ne ni a Gidan Rissa, wani ƙauye da ke gaba da Bambeye kaɗan. Ni ne kuma magatakardan kwamitin iyayen yara na makarantarmu, ba don na fi kowa hankali ba, sai don ni kaɗai nake iya rubuta wasiƙa da Faransanci ba tare da na jiƙe da gumi ba.

Makarantar tamu aji huɗu ce. Ɗaya na siminti ne, ukun kuwa rumfunan kara da zana. Kowace shekara sai an yi girbi an samu kara sannan mu kafa su, wato yaran birni sun yi wata guda da rabi suna karatu namu suna korar tsuntsu a gona. Ruwan farko kuma in ya zo da iska an tashi makaranta ke nan, ko malam ya gama littafi ko bai gama ba. Mun saba da wannan har mun daina ganinsa. Wuta ce ta tashe mu tsaye. Da bazarar waccan shekarar ɗaya daga cikin rumfunan ta kama, ranar Asabar ce babu kowa a ciki, kafin a ɗebo ruwa daga rijiya ta zama toka. Allah ya tsare, amma kowa ya tuna da garuruwan da aka ce wutar ta tarar da yara a ciki.

A garinmu magana ba ta kwana ba ta isa Abijan ba, don rabin samarinmu can suke. Cikinsu akwai Mustafa, ɗan Inna Raƙiya, mai sayar da takalma. Ƴarsa Mardiya, mai shekara tara, tana hannun kakarta tun da aka kawo ta yaye, ba ta sake komawa ba. Tare suke kwana, tare suke cin tuwo, tare suke faɗa a kan wa ya ɓatar da allura. Mijin Inna Raƙiya ya daɗe da rasuwa, ƴaƴanta mata duk suna gidajensu, saboda haka in ka cire Mardiya daga gidan nan babu abin da zai rage sai tsohuwa da awaki uku.

Inna Raƙiya ba ta da babbar waya, a shagona take zuwa jin saƙon ɗanta. Ranar nan na danna mata, sai ga muryar Mustafa babu ko doguwar gaisuwa. Ya ce shi ba zai bar ƴarsa ta zauna cikin kara tana jiran wuta ba. In abokinsa Isuhu ya tashi komawa ci-rani bayan girbi, a haɗa shi da yarinyar ya kawo masa ita, makarantun can na gini ne.

Ta karɓe wayar ta yi masa tas, ta kuma ce ai ɗan'uwanta depite ne a majalisar dokoki, za a gyara. Amsar ta dawo kafin in gama ɗinka hannun riga.

"Inna, Kawu Sama'ila? Shekara biyu shina majalisa, wa yat taɓa jin muryatai? To ni na yarda. Ranad da nij ji shi da kunnena ya tashi gaban ƴan'uwanshi ya yi maganar ajin kara, na bar miki ita."

Yana faɗa yana dariya, irin dariyar wanda ya san ba za a yi ba.

Shi wannan Sama'ila ɗan garinmu ne, likitan dabbobi ne a da kafin siyasa ta ɗauke shi. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Hannunsa a sake yake, gidansa na Tawa ba a rufe ƙofa. Matsalarsa ɗaya, in ya ga abin magana a gabansa sai harshensa ya yi nauyi. Mu kuma tamu matsalar ta fi tasa. Sau uku dattawan garinmu suna zuwa wurinsa da maganar makaranta. Su gaishe shi, su tambayi iyali, su tambayi gajiya, su tambayi Yamai da mutanenta, a kawo shinkafa da nama, a kawo shayi, a kira sallah, sai su ga ai rashin kunya ne mutum ya ci abincin babban mutum sannan ya tsare shi da ƙorafi. Haka suke dawowa da cikakken ciki suna cewa ganawa ta yi kyau.

Da kwamiti ya zauna a gindin bishiyar bedin makaranta, sai na tashi na gyara hula na ce ni na gano maganin abin. Na ce a gari duka mutum ɗaya ne ba ya jin nauyin depite, wato Inna Raƙiya. Uban Raƙiya da uwar Sama'ila ciki ɗaya suka fito, taubasai ne ke nan, ƴar namiji da ɗan mace. Tun suna yara kowannensu yake cewa ɗayan bawansa ne. Ita za ta iya faɗa masa abin da ko gwamna ba zai faɗa masa ba, kuma al'ada ta hana shi yin fushi. Ga shi kuma maganar ta shafe ta fiye da kowa. Malam Alhusaini, shugaban kwamiti, ya ce rabon da ya ji shawara mai kyau irin wannan tun yana saurayi. Na koma gida ina tafiya ina jin kaina.

Majalisa tana hutu a lokacin, depite yana Tawa. Muka shiga motar kasuwa mu uku, ni da Malam Alhusaini da Inna Raƙiya, daga tasha muka hau kabu-kabu zuwa gidansa. Rumfar ƙofar gidan cike take da mutane, kowa ya tuɓe takalmi yana magana ƙasa-ƙasa. Inna Raƙiya ta ratsa su da takalmanta tana tambaya ina Zalɓe ya ɓuya. Sunan da take kiransa ke nan tun yana yaro saboda dogayen ƙafafunsa marasa nama. Ta fizge hular kansa ta ɗora a kan ɗankwalinta, ta ture shi ta zauna a kujerarsa. Shi kuwa fuskarsa ta washe, ya ce wa mutane su kama masa baiwar nan, daga gona ta gudo ba ta gama noma ba.

Aka yi ta dariya. Cikin dariyar ta kawo maganar, kuma wallahi ta kawo ta daidai. Ta faɗi wutar, ta faɗi watannin da yara suke asara, ta faɗi zancen Mustafa da Mardiya. Ta ce ya je majalisa ya buɗe wannan bakin nasa da bai san komai ba sai tauna. Ya riƙe ciki yana dariya, ya ce ita ba a ɗakin kara aka haife ta ba, ga ta nan ta fi kowa ƙiba? Ya ce siminti na ƴaƴan iyayengiji ne, jikokin bayi kara ya ishe su. Ta ce Allah ya isa tsakaninta da shi, ya ce amin. Na miƙa wasiƙar da na kwana biyu ina gyarawa, ya karɓa da hannu biyu ya sa a aljihu, aka kawo abinci.

Muka fito muna murna. A mota muna ta maimaita abin da ta ce da abin da ya ce, har direba yana taya mu. Sai da muka wuce Bambeye Malam Alhusaini ya share hawayen dariya ya tambaya, to shi depite me ya ce zai yi? Muka dubi juna.

Bayan mako biyu muka koma, kuma wannan zuwan ya fi na farko muni. Inna Raƙiya ta je da fushi na gaske. Ta ce masa in yaro ɗaya ya ƙone a rumfar nan Allah zai tambaye shi, ta ce ya ci amanar nonon gwaggonta da ta haife shi. Maganar da in wani ya faɗa masa sai an raba su da sanda. Shi kuwa sai ya tafa hannu, ya kira wasu baƙi da suka zo daga Affala ya ce su zo su ga yadda baiwarsa take hauka in yunwa ta kama ta. Baƙin suka ce ba su taɓa ganin taubasai masu daɗin wasa irin waɗannan ba, har ɗaya ya ɗauke su a waya.

A nan na gane wautata. Shekara hamsin da ɗoriya duk abin da ya fito daga bakin Raƙiya zuwa kunnen Sama'ila wasa ne. Ta sha ce masa ɓarawo, ta sha ce masa za ta sayar da shi a kasuwar dabbobi ta sayi jaki. Kunnensa ya saba, da ya ji muryarta sai ya shirya dariya. Iya zafin maganarta iya daɗin wasan a wurinsa. Na zaɓo mana mutum ɗaya tak a duniya wadda ba zai taɓa ɗaukar maganarta da gaske ba, kuma duk kwamiti suka tafa mini, don dukanmu ƴan gari ɗaya ne.

Gero ya fara nuna. Isuhu ya kawo mini yadi in ɗinka masa kayan tafiya, na ɗinka ina jin haushinsa alhali ba shi da laifin komai. Inna Raƙiya ta kwana huɗu ba ta leƙo shagona ba. Ranar Asabar da yamma sai ga ta. Ta ce ta ji depite zai koma Yamai ranar Litinin don zaman kasafin kuɗi, gobe Lahadi in raka ta Tawa. Na ce Inna, a bar wahalar nan haka, mu nemi wani dattijo. Ta ce ba shawara ta zo nema ba, ta ga inda shawarata take kai mutum.

Da safe na same ta a bakin hanya cikin farin mayafin da ba ta sa shi sai ranar idi ko ta'aziyya. Lahadi ranar kasuwar Tawa ce, garin ya cika da shanu da raƙuma da ƙarar babura, gidan depite kuwa ya fi kullum cika don kowa ya zo sallama.

Tun daga bakin titi ta tsaya ta cire takalmanta ta riƙe a hannu. Ta bi layi a bayan mutane ta jira. Shi ya hango ta, ya riga ya dafe hularsa da hannu biyu yana murmushi, yana cewa ga ɓarauniyar hula nan ta iso. Ba ta ɗaga kai ba. Da layi ya zo kanta sai ta durƙusa har ƙasa, nesa da tabarmarsa, ta sunkuyar da kai.

"Ranka shi daɗe, mai girma depite. Barka da hutawa. Ina gajiya, ina iyali?"

Ya yi dariya, yana jiran inda wasan zai ɓullo. Ta ci gaba da gaisuwa a hankali, ta tambayi aiki, ta yi masa addu'ar sauka lafiya. Ya nuna mata kujerarsa, ta ce a'a, nan ma ya ishe ta. Ya ce baiwa yau ta yi hankali, ya waiwaya ko wani zai taya shi dariya. Babu wanda ya taya shi. Duk wanda yake wurin ɗan ƙasar nan ne, ya san abin da yake gani. Na sha ganin an zagi mutum a bainar jama'a, amma ban taɓa ganin abin da ya kai wannan gaisuwar nauyi ba.

Murmushin ya bar fuskarsa. Ya sunkuyo ya tambaye ta a hankali ko rasuwa aka yi.

"Ba a yi ba, ranka shi daɗe. Sunana Raƙiya, daga Gidan Rissa ta ƙasar Bambeye. Talakarka ta, ni da mutanen garinmu mu munka zaɓe ka. Ajin ɗiyanmu ukku na kara na, guda ya ƙone bana. Ina da jika guda, ita kaɗai ta rage mini cikin gida, ubanta ya ce za shi ɗauke ta bayan girbi saboda ajin nan. Roƙo na zaka yi. In kun zamna majalisa, ka tashi ka hwaɗa musu. Shi ke nan abin da ya kawo ni."

Ya ce, "Raƙiya, ni na hwa. Sama'ila na."

Ta ce ta sani, Allah ya ƙara girma. Aka kawo mata ruwa ta ce ta gode, a ƙoshe take. Matar da take kwashe naman gabansa ta zuba a gefen zaninta, yau ta ƙi shan ruwan gidansa. Ta tashi ta ja da baya, ta fita da takalmanta a hannu.

Muna bakin titi ina neman kabu-kabu sai na ji gudu a bayanmu. Depite ne, ba takalmi, babbar riga tana jan ƙasa, mutanensa sun tsaya cirko-cirko a ƙofar gida. Ya sha gabanta. Ya ce ta zage shi, don Allah ta zage shi, ko ta mare shi a tsakiyar titin nan. Ya ce tun da uwarsa ta rasu ita kaɗai ta rage mai kiransa da sunan yarinta, kowa ranka ya daɗe yake ce masa, har ƙannensa. Idanunsa sun yi ja.

Ta dube shi a karo na farko ranar nan.

"In na zage ka dariya kaka yi. Ni kuwa ɗiyag ga ba abin dariya ba ta. Ranad da nij ji ka cikin rediyo kana da taubashiya. Kahin nan talaka gare ka."

Ta hau babur ta bar shi tsaye. A motar komawa na so in yaba mata, na juya sai na ga ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Ta ce ita ta goya shi lokacin da ya yi ƙyanda, yau ga shi ta sa shi gudu ba takalmi a gaban mutane. Na ji tausayinta, na kuma ji tausayinsa, na yi shiru don na lura duk lokacin da na yi magana abu lalacewa yake yi.

Kafin mu kai gida wayata ta yi ƙara. Shi ne. Ya ce wasiƙar nan tawa an wanke ta tare da rigar, in yi haƙuri in sake faɗa masa komai. Aji nawa, yara nawa, yaushe ake fara karatu, yaushe ake tashi. Washegari ya kira daga hanya, jibi ya kira daga Yamai. Ya ce maganar gari ɗaya ba ta isa a tashi da ita a majalisa ba, in samo masa na maƙwabta. Kowane kira kuma sai ya ƙare da tambaya ko Raƙiya ta ce wani abu a kansa, ni kuma in ce ta ce a gaida mai girma depite. Sai in ji ya ja numfashi ya kashe.

Na rufe shago na ari babur. Ni da Malam Alhusaini muka zaga ƙauyukan Bambeye har muka leƙa na Affala. Ashe kowa da irin ciwonmu yake kwana, kowa yana zaton nasa ne shi kaɗai. Iyaye suka yi ta dangwala yatsa a takarda, mata sun fi maza fitowa, har da wasu Buzaye makiyaya da muka tarar a bakin rijiya suka ce a sa da su, su ma ƴaƴansu a rumfa suke. Wata tsohuwa ta dangwala sau biyu ta ce ɗaya na mijinta ne, ya tafi Libiya amma ta san ra'ayinsa. Muka aika takardun Yamai a motar safe.

Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, aka kai rumbu. Isuhu ya sa ranar tafiya, Asabar ta sama. Kullum da rana ana sa zaman majalisa a rediyo, kullum shagona cike, mu ji wannan ya yi magana wancan ya yi, babu namu. Mutane suka fara cewa ai mai nauyin baki ba ya sakewa da tsufa. Inna Raƙiya takan zo ta zauna a bakin ƙofa tana tsinke yakuwa kamar ba saurare take ba.

Ranar Laraba bayan azahar muka ji shugaban zaman ya kira sunansa. Na taka keken ɗinki ya tsaya. Na danna wayata tana ɗauka. Ya fara da Faransanci, ya yi tuntuɓe a jimla ta biyu, ya yi tari. Malam Alhusaini ya dafe kai. Sai ya nemi izini ya juya harshe zuwa Hausa, Hausar Adar tsantsa irin wadda yake yi wa masu shanu a da, daga nan kuma bakin ya buɗe. Ya faɗi yadda ake jiran kara kafin a fara karatu. Ya faɗi yadda rumfa take cinyewa kafin guga ya fito daga rijiya. Ya ce ga yatsun iyaye a hannunsa, ya yi ta kiran sunayen garuruwa ɗaya bayan ɗaya, da ya ce Gidan Rissa shagona ya kusa tsagewa. Ya roƙi ƴan'uwansa kada su sa hannu a kasafin bana sai an ƙara abin gina azuzuwa, a fara da na ƙananan yara waɗanda ba su iya gudu ba. Ya ce shi kansa sai da wata talakarsa ta durƙusa masa sannan ya ji, kuma ba ya fatan ɗayansu ya ga irin wannan durƙuson.

Bayansa wata depite daga gabas ta tashi ta ce a yankinsu ma haka ne. Wani na ɓangaren adawa ya ce yau kam bakinsu ɗaya. Aka ce an miƙa maganar ga kwamitin da ke duba kasafi. Ba zan ce muku washegari aka gina mana aji ba, sai da aka sake wata damina kafin mu ga motar siminti. Amma ranar nan mata suka yi ta guɗa, wani ya fito da kalangu, Malam Alhusaini da ciwon gwiwarsa ya taka rawa, ni kuma na bi mutane ina tuna musu cewa asalin shawarar tawa ce. Babu wanda ya kula ni.

Na tura wa Mustafa abin da na ɗauka. Kafin ya amsa depite ya kira, ya ce Raƙiya tana kusa? Na miƙa mata. Ta kai wayar kunnenta.

"Zalɓe, wane irin tari na wanga kaka yi cikin rediyo awa tunkiya mai mura? Ka ba mu kunya. In ka zaka gida ka biyo ka share mini garke."

Daga inda nake ina jin shi. Dariya yake ko kuka, ban iya rarrabewa ba, ita ma tana share ido da bakin mayafi tana ƙara masa wani zagin.

Amsar Mustafa ba ta zo ba sai washegari da hantsi. Na ɗauki wayar na tafi gidan Inna Raƙiya da kaina, na yi sallama na same su a tsakar gida, Mardiya tana ba awaki dusa. Na danna. Ya ce ya saurara sau biyar, ya kuma sa wa duk ƴan garinmu na Abijan sun ji. Ya ce shi ɗan halak ne, abin da ya faɗa ya faɗa, a gaya wa Isuhu ya yi tafiyarsa shi kaɗai. Ya ce a dai yi wa rumfar bana ƙofa biyu, a ajiye randa kusa.

Inna Raƙiya ta miƙe. Ta shiga ɗaki, na ji tana jan wani abu daga ƙarƙashin gado. Ta fito da jaka ɗaure da igiya ta kwance ta a kan tabarma. Kayan Mardiya ne duka, wankakku, an ninke su ɗaya bisa ɗaya, da takalmanta na Sallah, da ƙullin ƙuli-ƙuli da garin yaji na guzuri. Ashe ta riga ta haɗa, ba ta gaya wa kowa ba.

Mardiya ta matso ta leƙa, ta ce, "Kaka, kayana na. Ina za mu?"

"Babu inda za mu. Wanki na. Ɗauko bokiti."

Yarinyar ta ce ai wankakku ne, ga ƙanshin sabulu ma. Kakar ta ce ita ba ta son musu da safe. Na bar su a bakin randa, tsohuwar tana tsoma tsabtatattun kaya cikin ruwa ɗaya bayan ɗaya tana waƙa, yarinyar tana cin ƙuli-ƙulin tafiya.